Daga Ajin Yaƙi da Jahilci Zuwa Takardar Shaidar Sakandare

Jawabi ga ɗaliban azuzuwan ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo

Muna gai da iyayen ƙasa, da hakimai, da masu unguwanni, da limamai, waɗanda suka ba mu zaure da inuwa muka kafa azuzuwa. Muna gaishe ku, ku ɗalibai maza da mata. Mun san waɗansunku daga fadama su ke tasowa su zo aji, ko taɓon ƙafa ba su gama wankewa ba. Waɗansu sai sun sauke tukunya. Allah ya saka muku da alheri.

Akwai wata tambaya da ku kan yi mana kullum. Ku kan ce, "Malam, to, ga shi mun iya karanta wasiƙa, mun iya rubuta sunanmu, mun iya lissafin buhunan albasa. Daga nan kuma sai me?" Waɗansu kuwa su kan ce, "Mu ai namu ya wuce. Takardar sakandare ta yara ce."

Yau mun zo mu amsa wannan tambaya. Amsar kuwa ita ce, akwai hanya daga wannan tabarma da ku ke zaune a kai har zuwa takardar shaidar sakandare. Babban mutum yana iya samunta ko da bai taɓa sa rigar 'yan makaranta ba. Hanyar tana da tsawo, ba za mu ɓoye muku ba. Amma a buɗe ta ke, kuma Gwamnati ce da kanta ta buɗe ta.

MECE CE WANNAN TAKARDA?

Yaro ya kan yi shekara 6 a firamare, shekara 3 a ƙaramar sakandare, shekara 3 a babbar sakandare. Shekara 12 ke nan. A ƙarshe sai ya zauna wata babbar jarrabawa. Ba malamansa ke shirya ta ba, ba su ke duba ta ba. Akwai hukumomi musamman waɗanda aikinsu ke nan.

Ta fari ita ce Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda a ke kira WAEC. An kafa ta a 1952, tun zamanin Turawa. Ƙasashe 5 suka yi tarayya a cikinta, watau Nijeriya, da Gana, da Saliyo, da Gambiya, da Laberiya. Babban ofishinta yana Ankara ta ƙasar Gana, na Nijeriya kuwa yana Ikko.

Ta biyu ita ce Hukumar Jarrabawa ta Ƙasa, watau NECO. An kafa ta a 1999, zamanin mulkin Janar Abdussalami Abubakar. Babban ofishinta yana Minna, ta fara jarraba ɗalibai a shekarar 2000.

Ban da waɗannan akwai NABTEB, mai ofishi a Binin, wadda ta fi kula da masu koyon sana'a da ciniki. Akwai kuma NBAIS, ta makarantun Larabci da addinin Musulunci, wadda asalinta tun zamanin Sardauna ne.

To, ga abin da mu ke so ku riƙe. WAEC da NECO ko wace tana yin jarrabawa iri biyu. Akwai ta 'yan makaranta, wadda a kan yi wajen farkon damina. Akwai kuma ta 'yan waje, wadda mutane suka saba kira GCE. Ita wannan a kan yi ta ne wajen ƙarshen shekara, bayan an kawar da amfanin gona. Tun 2018 WAEC ta ƙara wani zama na 'yan waje a farkon shekara, lokacin sanyi.

Wane ne ɗan waje? Shi ne duk wanda ya rubuta sunansa da kansa, ba ta hannun wata makaranta ba. Manomi ɗan waje ne. Matar aure 'yar waje ce. Mai shekara 20 da mai shekara 50 duk ɗaya ne, ba a hana kowa don tsufa. Wanda zai duba takardarka ba ya ganin furfurarka, ba ya sanin ƙauyenku. Lamba kawai ya ke gani, da abin da ka rubuta. In ka ci, takardar da za a ba ka tana aiki daidai da ta wanda ya yi shekara 6 a makarantar kwana.

Kada ku zaci mu kaɗai ke da irin wannan. A ƙasar Amurka, a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an ga samari da yawa sun bar makaranta sun tafi soja. Sai aka shirya musu wata jarrabawa mai suna GED, domin wanda ya ci a ɗauke shi daidai da wanda ya gama sakandare. Bayan yaƙi aka buɗe ta ga sauran jama'a, jihohinsu kuwa su ke ba da takardar. Bambancin kawai shi ne, su tasu jarrabawar dabam ce da ta 'yan makaranta. Mu kuwa darussan da a ke tambayar ɗan makaranta su a ke tambayar ɗan waje.

MENE NE AMFANINTA A ƘASARMU?

Ku dubi ƙasar nan tamu. Ga madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima, wadda aka gama ginawa a 1984, aka buɗe ta a 1992. Ga fadamar Wurno da shinkafarta. Ga albasa da tafarnuwa da a ke ɗauka mota mota zuwa Kudu. Duk wannan aiki yana bukatar malamin gona, da mai awon fili, da mai kula da hanyar ruwa, da mai riƙe littafin ƙungiyar manoma. Akwai Kwalejin Aikin Gona da Kiwo a nan Wurno, a ƙofar gidanmu. Amma ko ka fi kowa sanin ƙasa da iri, ba za a ɗauke ka a can ba sai ka nuna wannan takarda.

Ku dubi ɗakin shan magani na ƙauye. Sau nawa mace ta ƙi zuwa awo don babu mace a wurin? Sau nawa aka turo ma'aikaci daga nesa, ya yi wata biyu ya nemi a mai da shi gida? Akwai makarantar koyon aikin lafiya a Gwadabawa, akwai ta aikin jinya da ungozoma a Sakkwato. Ƙofarsu duka ita ce wannan takarda. In 'yar garin nan ta koyo aikin, a nan za ta zauna, domin a nan gidanta ya ke.

Ku dubi firamare. Ba a zama cikakken malami yanzu sai da takardar NCE. Ana samunta a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a Sakkwato, ko ta hannun Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda a ke karatunta daga gida. Su ma sai da takardar sakandare. Haka aikin ɗan sanda. Haka Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, sai dai ita a kan ƙara da jarrabawar JAMB.

Har ma sha'anin mulki. Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda zai tsaya takarar majalisa, ko gwamna, ko shugaban ƙasa, lalle ya kasance ya yi ilmi har zuwa matsayin takardar sakandare ko abin da ya yi daidai da ita.

Amma fa ku ji gaskiya. Takarda ba ta ba da aiki da kanta. Akwai masu ita da yawa suna zaune. Mabuɗi ce, mai riƙe da mabuɗi kuwa sai ya tashi ya je bakin ƙofa. Abin da mu ke cewa shi ne, in aka zo neman mutum 10 daga ƙasar nan, kada a rasa ko ɗaya don rashin takarda.

KU KASHI UKU NE

Idan muka dube ku, sai mu ga kun kasu kashi uku.

Kashi na fari su ne waɗanda ba su taɓa shiga boko ba sai a wannan aji. Da yawansu sun yi karatun allo, waɗansu har sun sauke. Ku tafiyarku ta fi tsawo, amma kuna da abin da yaro ba shi da shi. Kun san haƙurin zama gaban malami, kun san tilawa, kun san lissafin kasuwa a ka.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka yi firamare, sa'an nan aure, ko noma, ko cin rani ya ɗauke su. Ku kun yi rabin hanya, ƙura ce ta rufe muku ita.

Kashi na uku su ne waɗanda suka shiga sakandare ba su ƙarasa ba, ko suka zauna jarrabawa ba su ci abin da a ke so ba. A cikinsu akwai waɗanda ba da son ransu suka bari ba. Duk mun san abin da ya sami Tabanni ta ƙasar Rabah a watan Yuli 2018, sa'ad da mutane suka gudo Gandi. Mun san abin da ya faru a kasuwar Goronyo a watan Oktoba 2021. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Garuruwa sun tashi, yara sun watse daga makaranta. Yaron da ya bar aji yana ɗan shekara 14, yau magidanci ne, yana jin kunya ya koma ya zauna da ƙannensa. To, ba sai ya koma ba. Jarrabawar 'yan waje dominsa aka yi ta. 'Yan bindiga sun ƙwace masa shekaru, kada ya bar musu sauran.

MATAKAN TSANI

Ba a hawa rumbu da tsalle ɗaya. Ga matakan.

Na fari shi ne ajin da ku ke ciki, na koyon karatu da rubutu da lissafi da Hausa. A kan gama shi cikin 'yan watanni, ba ya kai shekara ga mai zuwa kullum. Yana daidai da rabin firamare na fari.

Na biyu shi ne ajin gaba, inda a ke shiga Turanci sosai, da lissafi mai zurfi, da kiwon lafiya, da sanin ƙasa. Wanda ya gama shi ya yi daidai da wanda ya gama firamare.

Na uku shi ne ajin ci gaba, inda a ke karanta darussan ƙaramar sakandare, sa'an nan na babba. Hukumar Yaƙi da Jahilci ta Jihar Sakkwato ita ke kula da waɗannan azuzuwa, a sama da ita kuma akwai ta Tarayya wadda aka kafa a 1990. A cikin birnin Sakkwato akwai cibiya musamman ta ci gaban ilmin mata, don waɗanda karatunsu ya yanke. Inda babu ajin ci gaba, in kun taru kun kai yawan aji, ku gaya wa malaminku, shi kuwa ya kai maganar ofishin ƙaramar hukuma. Abin da ba a roƙa ba, ba a cika kawo shi ba.

Na huɗu shi ne jarrabawar kanta.

Shekara nawa ke nan? Ga wanda ya fara daga baƙi da wasali, a ganinmu ya sa shekara 7 ko 8 a ransa. Ɗan kashi na biyu, 4 ko 5. Ɗan kashi na uku, shekara ɗaya ko biyu ta ishe shi. Wani zai ce, "Shekara 8! Ina da 25, sai na kai 33 ke nan." I, haka ne. Amma in Allah ya ba ka rai, ko ka yi karatu ko ba ka yi ba, sai ka kai 33 ɗin. Wanne ya fi, ka kai da takarda ko ka kai hannu wofi? Wanda ya dasa mangwaro ma ai ba ya shan 'ya'yansa a shekarar.

ABIN DA KE CIKIN JARRABAWA

Mutum ya kan zaɓi darussa, ba su wuce 9 ba. Turanci da Lissafi tilas ne. Sauran kuwa sai ka dubi inda ka nufa. Mai son aikin asibiti sai ya ɗauki darussan kimiyya, watau ilmin halittu, da ilmin sinadarai, da fizis. Mai son aikin gona ya haɗa da darasin Aikin Gona. Ku sani kuma Hausa darasi ce a wannan jarrabawa, haka Larabci, haka Addinin Musulunci. Wanda ya yi zaure gaban malam ya riga ya yi nisa a nan. Amma kada ku raina Hausa don ita ce harshenku. Ana tambayar nahawu, da ƙa'idar rubutu, da al'adu, da littattafan da aka zaɓa. Bahaushe ya kan faɗi Hausa in bai karanta ba.

Tambayoyin iri biyu ne. Akwai na zaɓi, inda a ke ba ka amsoshi ka zaɓi ta daidai. Akwai na rubutu, inda za ka yi bayani da hannunka. A Turanci za a ce ka rubuta wasiƙa ko labari, a ba ka wani rubutu ka karanta ka amsa, a ba ka wani ka taƙaita. A Lissafi ana son ka nuna hanyar da ka bi, ko da ka ɓata a ƙarshe a kan ba ka makin hanya. A farkon 2024 WAEC ta fara yi wa 'yan waje jarrabawa da kwamfuta. Saboda haka wanda ya sami hali ya saba hannunsa da ita tun da wuri.

Sakamako hawa 9 ne. A1 shi ne mafi kyau. Sai B2, B3, C4, C5, C6. Waɗannan 6 su a ke kira kiredit. D7 da E8 an tsallake da ƙyar, amma ba su kai kiredit ba. F9 faɗuwa ce.

Abin da aka saba nema shi ne kiredit 5, har da Turanci da Lissafi, a zaman da bai wuce biyu ba. Ku lura da wannan magana ta zama biyu, domin rahama ce ga mai iyali. In bana ka ci 3, baɗi ka ci 2, sai a haɗa su. Yawancin makarantu su kan yarda a haɗa na WAEC da na NECO. Waɗansu fannoni kaɗan, kamar karatun likita, su kan ce sai zama ɗaya. A watan Oktoba 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sassauta sharaɗin Lissafi ga masu neman fannin adabi a manyan makarantu. Duk da haka shawararmu ita ce kada kowa ya saki Lissafi, domin masu ɗaukar aiki su kan tambaye shi.

YADDA A KE RUBUTA SUNA

Yanzu ta intanet a ke rubuta suna. Za ka biya kuɗi a ba ka lambar sirri. Sa'an nan a cika maka takarda a kwamfuta, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, ka zaɓi darussa da garin da za ka zauna. A ƙarshe a buga maka kati mai hotonka. Da wannan kati za ka shiga ɗakin jarrabawa. Ba ko wane gari a ke kafa wurin zaman 'yan waje ba, mai yiwuwa ne sai ka je Sakkwato. Saboda haka ka shirya masauki da guzuri. WAEC da NECO duk suna da ofishi a Sakkwato. Can a ke samun tabbataccen labarin kuɗi da ranaku, domin su kan sake daga shekara zuwa shekara.

Ga abubuwa 3 da su kan jawo wa mutanenmu kuka.

Na ɗaya, suna. Mu kan kira mutum ɗaya Muhammadu, da Mamman, da Ɗanjuma. Hukuma ba ta san haka ba. A wurinta mutum uku ne. Ka zaɓi suna guda, da rubutu guda, ya zama shi ne a katin ɗan ƙasa, shi ne a takardar jarrabawa, shi ne ko'ina. Ka nemi lambarka ta ɗan ƙasa tun kafin lokaci, domin ana tambayarta.

Na biyu, ranar haihuwa. Da yawanmu ba a rubuta ba. Wadda ka ba da a katin ɗan ƙasa, ita za ka riƙe har abada. Gyara daga baya yana da wuya, yana cin kuɗi.

Na uku, kada ka ba wani kuɗi ka koma gida ka kwanta. Ka tsaya a gaban mai kwamfuta. Kafin ya aika, ka karanta sunanka baƙi baƙi, ka ƙirga darussanka. Ka karɓi katinka da rasit. Ai don irin wannan rana ka koyi karatu.

Maganar kuɗi kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ga kuɗin jarrabawa, ga na littattafai, ga na mota, ga na abinci. In an cire albasa, ka ware buhu guda ka ce wannan na jarrabawa ne. Mata su yi adashi, ko su ware akuya guda. In ku 5 ne, ku sayi littafi 5 dabam dabam ku riƙa musaya.

YADDA ZA A SHIRYA

Mai iyali ba shi da yini guda na karatu. Amma yana da awa guda. Ku yi lissafi tare da mu. Awa guda kullum, kwana 6 a mako, mako 50 a shekara, awa 300 ke nan. Wanda ya yi awa 300 a kan Turanci da Lissafi, lalle ba zai zama kamar yadda ya ke bara ba. Bayan sallar asuba ya fi, kafin a fita gona, sa'ad da kai bai gaji ba. Da damina a rage, da rani a ƙara, amma kada a yanke. Wutar da aka bari ta mutu ta fi wuyar hurawa.

Ku nemi manhajar jarrabawa, watau takardar da ta jera abin da za a tambaya. Ku nemi tambayoyin shekarun baya, ana sayar da su a shagunan littattafai. Ku zauna ku amsa su da agogo a gabanku, domin da yawa sun san amsa, lokaci ne ya kan ƙare musu.

Turanci shi ne babban gulbin da za ku ƙetare. Ba a koyonsa da hadda kaɗai. Ku karanta duk abin da ya faɗo hannunku, ko buhun taki ne, ko kwalin magani. Ku rubuta layi 5 kullum a kan abin da kuka yi yau, ku kai wa malamin firamare na garinku ya gyara. Kada ku ji kunyar tambayar 'ya'yanku da ke makaranta. Uban da ya zauna da ɗansa a kan littafi guda, riba biyu ya ci, domin yaron ma ba zai ƙara wasa da karatu ba.

KASHEDI

Za ku gamu da masu cewa, "Kawo kuɗi kaza, akwai wurin da a ke rubuta wa mutane amsa a allo." Wani ya ce zai zauna a madadinka. Wani ya ce zai turo maka amsa ta waya. Ku guje su. Dokar 1999 ta hana maguɗin jarrabawa, hukuncinta tara ne ko ɗauri. Hukumar kuma ta kan riƙe sakamako, ko ta soke na wurin baki ɗaya, har da na wanda bai ji ba bai gani ba.

Ko da ba a kama ka ba, ka tuna abin da ka ke nema. A ce wani ya sayi takarda, ya shiga aikin asibiti, aka ba shi kwalba ya kasa karanta awon da aka rubuta. Ɗan wa zai sha wannan magani? Ɗan maƙwabcinsa ne, ko nasa. Kayan aro ba ya rufe katara. Kiredit guda da ka ci da guminka ya fi 9 na saye.

GA MATA DA MAZAJENSU

A nan Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa ya ke. Ƙanwarsa Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ita ta shirya 'Yan Taru. Ta kan naɗa jaji, ta ba ta malafa, jaji kuwa ta jawo mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koya wa 'yan'uwansu. Ba yara kaɗai ba ne, har da tsofaffi. Saboda haka karatun babbar mace ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, gado ne.

Ku mazaje, mace ba ta iya wannan tafiya sai da yardarku da taimakonku. Ku ba ta awa guda. Ku saya mata fitila. Ranar jarrabawa ku raka ta. Abin da ta samu, gidanku zai shiga.

Ku mutanen Rabah kuma, ku tuna daga garinku aka ɗauki yaro aka kai shi makaranta Sakkwato, daga nan Kwalejin Katsina, ya gama a 1931. Ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama Sarkin Rabah a 1934, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. A zamaninsa, shi Sardauna Ahmadu Bello, aka baza azuzuwan Yaƙi da Jahilci ko'ina cikin Arewa. Waɗanda suka zauna a azuzuwan nan kakanninku ne. Su sun tsaya a karanta wasiƙa da takardar haraji, domin abin da zamaninsu ya nema ke nan. Naku zamanin ya nemi fiye da haka.

IN AN FAƊI FA?

Waɗansunku za su zauna su faɗi. Wannan ba abin kunya ba ne. 'Yan makaranta ma su kan faɗi, dubbai, ko wace shekara. Manomin da ruwa ya ci shinkafarsa, kamar yadda ya ci ta mutane da yawa a ambaliyar 2010, ba ya sayar da gona. Ya kan jira ruwa ya janye ya sake shuka. Ka dubi sakamakonka, ka ga inda ka gaza. Abin da ka ci yana nan, ba ya ruɓewa. Baɗi ka koma.

To, jama'a, ga abin da mu ke roƙonku kafin mu tashi. Kowa ya san ko shi ɗan wane kashi ne. Wanda ya ke da tsohuwar takarda, ta firamare ko ta jarrabawar da ya faɗi, ya tono ta daga adaka ya kawo wa malaminsa a zama mai zuwa. Wanda ba shi da katin ɗan ƙasa ya je ya yi. Wanda ya san wani saurayi ko yarinya da tashin hankali ya raba da makaranta, ya kai masa wannan labari yau, kada ya bari sai gobe. Sauranku kuwa, gobe da la'asar ku zo aji da fensir da littafi kamar kullum, domin matakin fari shi ke ɗauke da sauran.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ga ranar da za ku kawo mana takardunku mu sa muku albarka. Amin.

TAMBAYOYI

1. Wane ne a ke kira ɗan waje a wajen jarrabawa?
2. Kiredit nawa aka saba nema, kuma a zama nawa?
3. Don me ya kamata mutum ya riƙe suna guda a takardunsa duka?
4. In mutum ya yi karatun awa guda kullum, kwana 6 a mako, awa nawa zai yi cikin mako 50?
5. Rubuta sunan mutum biyu na garinku waɗanda za ka kai wa wannan labari.